Ƙyallin kurom da tankin da ake samar da shi

Duk wanda ya taɓa sayen sabon babur ya san yadda rim, kan madubi da marfin salansa ke ɗaukar ido. Bayan damina ɗaya ko biyu sai bambanci ya fito. Wani babur ɗin ya fara fesowar ɗigo-ɗigon tsatsa, wani kuwa ya shekara biyar ana goge shi da tsumma yana komawa kamar jiya aka sauke shi daga kwali. Haka abin yake ga kan famfon wanka, mariƙin ƙofa da ƙafar kujerar ofis. Mutane kan ce ai kurom ɗin wancan, wato farin ƙarfe mai ƙyalli da aka dalaye shi da shi, shi ne ba shi da kauri. Amma kurom na ado, mai kyau da marar kyau, duk ba shi da kauri. Abin da ake ɗora wa ƙarfe bai cika wuce maikron 0.25 zuwa 0.5 ba, kuma maikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Silin gashi guda ya fi shi kauri sau ɗari da ɗoriya.

To, me ke hana tsatsa? Nikel, wani ƙarfen da ke ƙarƙashin kurom ɗin. Kafin ƙarfe ya isa tankin kurom, inda ake tsoma shi a ruwan sinadari a ba shi wutar lantarki kurom ya hau kansa, an riga an goge shi ya yi sumul, an wanke masa maiƙo, wani lokaci an dalaye shi da jan ƙarfe, sannan an ɗora masa nikel mai kaurin maikron 10 zuwa 40 gwargwadon wahalar da kayan zai sha. Kayan da za su yini a rana da ruwan sama, irin bamban mota, hawa biyu na nikel ake yi musu: na ƙasa mai ɗan dushi, na sama mai sheƙi, domin idan ci ya fara ya bazu a hawan sama maimakon ya huda zuwa ƙarfe. Sheƙin da ido ke gani ma na nikel ne. Aikin kurom shi ne ya rufe nikel ɗin kada ya dushe ya koma ɗorawa-ɗorawa, ya ba shi taurin da ke jure goga, da wannan fari mai sirkin shuɗi da aka san shi da shi. Saboda haka kamfanin da ya yi ƙwauron nikel ya riga ya cuci mai saye tun kafin a zo maganar kurom, kuma babu gwanintar da za ta ceci kayan.

Duk da haka tankin kurom ne ya fi ba masu wannan sana'a ciwon kai, kuma dalilin yana cikin yadda aka haɗa ruwansa.

Asalin haɗin ya kai shekara ɗari. A 1920 wani masanin kimiyya Ba'amurke, George Sargent, ya wallafa bincikensa kan yadda ake fitar da kurom daga ruwan asid ɗin kurom. A 1924 Colin Fink na Jami'ar Kolambiya da ke New York da abokin aikinsa Charles Eldridge suka mayar da abin ya zama wanda masana'anta za ta iya dogara da shi, kuma kafin ƙarshen shekarun 1920 motocin Amurka sun fara fitowa da kurom a maimakon tsurar nikel. Abin da suka gano mai sauƙin faɗi ne. Asid ɗin kurom shi kaɗai a cikin ruwa, ko an sa masa wutar duniya, ba zai ba da ƙarfe mai ƙyalli ba. Sai an sa masa ɗan salfet, wanda ake samu daga asid irin na ruwan batir, kuma bisa ma'auni: kashi 100 na asid ɗin kurom, kashi 1 na salfet. Haɗin da aka fi sani shi ne giram 250 na asid ɗin kurom da giram 2.5 na salfet a kowace lita. Wasu masu aikin ado kan kai asid ɗin giram 300 zuwa 400. Akwai kuma haɗin da ake ƙara wa fuloraid, wanda ya fi sauri kuma ya fi iya hawa kan nikel. A irin wannan ana rage salfet, kuma ma'aunin da kamfanin da ya sayar da haɗin ya bayar shi ake bi.

Wannan ɗan salfet ɗin shi ne ran tankin. In ya yi kaɗan, sai a ga tabo mai launin ƙasa ko mai launin bakan gizo a lungunan kaya. In ya yi yawa, kurom ya daina shiga lungu gaba ɗaya, nikel ya riƙa leƙowa ɗorawa-ɗorawa a kusurwoyi da gefen ramuka. Kuma yawancin lokaci yawa yake yi, ba don wani ya zuba ba. Ruwan tankin nikel cike yake da salfet, duk kayan da aka ciro daga can ba a ɗauraye su sosai ba suna shigowa da shi ɗigo-ɗigo. A ɗaya ɓangaren kuma asid ɗin kurom yana raguwa kullum, wani ya hau kan kaya, wani ya bi jikinsu ya fita. Ana rage salfet da garin bariyam kabonet, wanda ke kama shi ya kwanta a ƙasan tanki: kusan giram 2 na garin ga kowane giram 1 na salfet. A ɗauka tanki mai lita 1,000 ne, awo ya nuna salfet ya kai giram 3.2 a lita maimakon 2.5. Rarar giram 700 ke nan, wato ana bukatar kusan kilo 1.4 na garin. Mai hankali rabi zai fara zubawa, ya motsa, ya bar shi ya kwanta, ya sake awo. Wanda ya juye duka lokaci guda, in awon farko ya ɗan kauce, sai ya koma neman asid ya ƙara, gyara ya zama na gangar Auzinawa.

Zafi da ƙarfin wuta kuwa tare suke tafiya, ba a taɓa ɗaya a bar ɗaya. Ana riƙe ruwan tsakanin digiri 40 zuwa 46 a ma'aunin Salsiyos, ana ba da wuta kusan amfiya (ma'aunin yawan wutar lantarki) 10 zuwa 15 ga kowane fili mai tsawon santimita 10 da faɗin santimita 10. Ma'ana kayan da faɗin jikinsu ya kai murabba'in mita guda suna shan amfiya 1,000 zuwa 1,500, duk da cewa bolt ɗin bai wuce 5 zuwa 8 ba, kuma aikin minti 2 zuwa 5 ne. In ruwa ya yi sanyi wuta ta yi yawa, gefuna da tsinin kaya su ƙone, su yi toka-toka da kaushi. In ruwa ya yi zafi wuta ta yi kaɗan, kurom ya fito da hazo-hazo. Tsakanin waɗannan biyu akwai ɗan siririn fili inda ƙyalli yake, kuma a cikinsa ake so kowane sashe na kayan ya faɗa, tsininsa da lungunsa. A ƙasa mai zafi matsalar ba ta ɗumama ruwan ba ce. Tankin da kansa yake ɗaukar zafi saboda yawan wutar da ke ratsa shi, don haka a watannin bazara in babu bututun sanyaya ruwa, kayan safe za su yi kyau, na azahar su fito da hazo, ma'aikaci ya yi ta zargin sinadari alhali ma'aunin zafi kawai ya kamata ya duba.

Akwai wani hali na wannan ruwa da ya sa rataye kaya ya zama fasaha mai zaman kanta: ba ya son shiga lungu. Wuta takan taru a tsini da gefe ta bar kwari. Shi ya sa ake kusanto da ƙaramin anod, wato sandan da wuta ke shiga ruwan ta jikinsa, zuwa cikin kwarin, ake kare gefuna da faifan roba, ko a zagaya su da waya wadda za ta sace rarar wutar. Ramuka kuma akan toshe su, domin iskar da ke fitowa ta cikinsu tana hana kurom zama a bakinsu. Ƙugiyar ratayewa ita ma dole ta zama ta jan ƙarfe mai kauri, ta kama kayan gam, in ba haka ba ta yi zafi ta cinye wutar a hanya.

Wutar ita kanta sai mai tsabta. Na'urar da ke juya wutar gari ta koma irin ta batir, wato raktifaya, dole ta ba da wuta mai santsi, rawar da ke cikinta kada ta wuce kashi 5 cikin 100. Sannan ba a son yankewa ko ta daƙiƙa guda. In wuta ta ɗauke kaya suna tsakiyar tanki, saman kurom ɗin da ya fara hawa yakan mutu nan take, wanda zai hau bayan dawowar wuta sai ya fito fari-fari da dabbare-dabbare. Gyaransa sai an sauke kurom ɗin gaba ɗaya, an farfaɗo da nikel, an sake daga farko. Duk wanda ke tunanin kafa irin wannan aiki a inda wutar gari ke zuwa tana ɗaukewa, lissafin janareto da zai riƙe layin shi kaɗai ya kamata ya fara yi kafin lissafin sinadari. Irin wannan farin tabo yana fitowa kuma idan kayan da aka yi wa nikel suka daɗe a iska ko a ruwan ɗauraya kafin su shiga kurom, domin nikel yakan yi wata 'yar yana da ido ba ya gani. Saboda haka ake tsoma su a ruwan asid mai rauni kafin shiga, kuma ake shigar da su tanki da 'yar wuta a kunne, sannan a ɗaga ta.

A nan ne nake ganin masu aikin suka fi yin kuskure. Kaya sun fito da tabo, abu na farko da hannu ke kaiwa gare shi shi ne buhun sinadari. Alhali mafi yawan laifin da ake ɗora wa tankin kurom daga wajensa yake: ɗauraya ce ba ta yi ba, ko nikel ya mutu, ko ƙugiya ta yi datti, ko wani diyod, ɗan sashen da ke juya wuta a cikin raktifaya, ya ƙone. Zuba sinadari a tankin da lafiyarsa ƙalau ƙara ciwo ne a kan ciwo.

A yawancin sana'ar dalaye ƙarfe, anod, wato sandunan da ke ɓangaren fozitif, da ƙarfen da ake son ɗorawa ake yin su, suna narkewa suna ciyar da ruwa. A tankin kurom ba haka ba ne. Sandunan na dalma ne da aka gauraya da kuza kusan kashi 7 cikin 100, ko da antimoni, kuma ba a son su narke. Lafiyayyen anod launin ƙasa mai duhu gare shi, kusan baƙi. Wannan ɓawon yana da aiki babba. Kurom ɗin da ke cikin ruwan nau'in da ake kira kurom-6 ne, amma a yayin aiki wani sashensa yana rikiɗa ya koma kurom-3, haka ma duk lokacin da mai, tsumma, katako ko sinadarin sheƙi na nikel ya faɗa ciki. Ɗan kaɗan na kurom-3 yana da amfani, kamar kashi 1 cikin 100 na asid ɗin. In ya zarce, ruwan ya yi duhu, ya daina wuce da wuta yadda ya kamata, ƙonewa ta yawaita. Ɓawon anod shi ne ke mayar da kurom-3 zuwa kurom-6. In tanki ya kwana biyu ba aiki, sandunan sukan yi wani ɓawo rawaya wanda ba ya wuce da wuta. Saboda haka da safe akan rataya wani ƙarfen banza a ba shi wuta na ɗan lokaci har launin ya dawo, in hutun mai tsawo ne kuma a ciro sandunan a wanke a ajiye. In sai an kankare su, a jiƙe ake yi, domin ƙurar dalma ce haɗe da kurom-6, kuma wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta hallaka a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ya bukatar dogon bayani. Idan kurom-3 ya riga ya taru, maganinsa shi ne a bar tanki yana aiki da sandunan anod masu yawa da ɗan ƙaramin ƙarfe a ɗaya ɓangaren, faɗin anod ya ninka nasa sau 20 ko 30, na awoyi ko kwana guda.

Sauran dattin ya fi wuyar fita. Kuloraid yana shigowa daga tankin nikel da kuma ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse, kuma miligiram 'yan gomomi a lita sun isa su jawo hazo su fara cin anod. Shi ya sa ruwan da aka tace wa gishiri ake cika tanki da shi. Baƙin ƙarfe, jan ƙarfe da zink kuwa suna fitowa ne daga kayan da suka suɓuce daga ƙugiya suka kwanta a ƙasa suna narkewa. Ba su da wani gari da za a zuba ya kwantar da su kamar salfet. Sai dai na'urar tacewa ta musamman, ko a kwashe wani sashe na ruwan a maye shi da sabo, wanda asara ce biyu, ta sayen sabo da ta kashe gubar tsoho. Minti biyar da za a ɗauka kowace yamma ana laluben ƙasan tanki da maganaɗisu da ƙugiya sun fi wannan araha nesa ba kusa ba.

Ta yaya ake sanin halin da ruwa ke ciki? Awon yau da kullum da ma'aunin kaurin ruwa ake yi, irin wanda masu cajin batir ke amfani da shi. Sabon ruwa mai giram 250 a lita yakan nuna kusan digiri 21 zuwa 22 a ma'aunin Baumé. Amma wannan ma'auni bai san bambancin asid ɗin kurom da narkakken datti ba, duka nauyi ne a wurinsa. Tsohon tanki zai iya nuna lamba mai kyau alhali asid ɗinsa ya ragu sosai. Don haka awon ɗakin gwaji na asid, salfet da kurom-3, ko da sau ɗaya a mako, ba abin da za a yi wa rowa ba ne. Sai kuma akwatin Hull, wanda Richard Hull ya ƙirƙira a Amurka a shekarun 1930: ɗan akwati mai ɗaukar mililita 267, an karkata faifan gwaji a cikinsa ta yadda gefe ɗaya na kusa da anod, ɗayan na nesa. Faifai guda yana nuna yadda ruwan ke aiki daga wuta mai yawa zuwa kaɗan. Inda kurom ya tsaya a faifan, da irin tabon da ke bakin wurin, su ne ke gaya wa gwani ko salfet ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Duk abin da ake son zubawa a tanki, a wannan akwati ake fara gwada shi.

Yanzu ga ɓangaren da bai kamata a yi saurin wucewa ba. Cikin wutar da ake ba tankin, kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ne kawai ke zama kurom. Mafi yawan saura yana tafiya wajen fasa ruwa, haidurojin na tashi daga kaya, oksijin daga anod. Kumfar nan idan ta fashe a saman ruwa tana watsa feshin asid mai ɗauke da kurom-6 cikin iskar da ma'aikaci ke shaƙa. Tun a 1928 masu binciken hukumar lafiyar jama'a ta Amurka, Bloomfield da Blum, suka rubuta abin da suka gani a hancin masu wannan aiki: haɓo, gyambo, har da hujewar guringuntsin da ya raba ƙofofin hanci. A hannu kuma, in ruwan ya sami 'yar tsaga, yakan haƙa gyambo mai zurfi mai wuyar warkewa. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya kurom-6 a rukunin farko, na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji, musamman na huhu. A 2006 Amurka ta rage iyakar abin da aka yarda ma'aikaci ya shaƙa zuwa maikrogiram 5 a kowane kubik mita na iska a yinin aiki na awa 8. Ƙyallen rufe hanci na yadi ba ya tare wannan. Abin da ke tarewa shi ne na'urar zuƙe iska da aka jera a bakin tanki, mai wanke iskar kafin ta fitar da ita, tare da safar hannu ta roba mai tsawo, tabarau, da ruwan wanke ido a kusa. Mai masana'antar da ya kunna raktifaya bai kunna fankar zuƙa ba don ya rage kuɗin mai, da huhun yaransa yake biya.

Ana kuma zuba wani sinadari da ke sa kumfar ta yi ƙanana, ta fashe ba tare da feshi ba. Shekaru da dama PFOS ake amfani da shi, saboda shi ne ke jure wannan asid bai lalace ba. Wannan juriya ita ce kuma aibinsa, domin ba ya ruɓewa a ƙasa, a ruwa ko a jinin mutum. An sa shi cikin yarjejeniyar Stockholm a 2009, kuma Amurka ta hana amfani da shi a tankunan kurom daga Satumban 2015. Mai sayen irin wannan sinadari a yau ya kamata ya nemi takardar abin da ke cikinsa.

Ruwan ɗauraya shi ma ba na kwata ba ne. Na farko, wanda ya fi kauri, akan mayar da shi tanki don cike gurbin wanda ya ƙafe, ko da yake yana dawowa da dattinsa. Saura sai an kashe gubarsa. Ana sauke ma'aunin pH, wanda ke nuna ƙarfin asid a ruwa, zuwa tsakanin 2 da 3, a zuba sodiyam metabaisalfait, kusan kilo 3 ga kowane kilo na kurom-6, har ruwan ya juya daga rawaya zuwa kore mai shuɗi-shuɗi, alamar ya koma kurom-3. Daga nan a ɗaga pH zuwa 8 ko 9 da farar ƙasa ko soda, kurom ɗin ya kwanta ya zama laka, a tace a kai inda ake ajiye shara mai guba. In aka tsallake matakin farko aka zuba farar ƙasa kai tsaye, kurom-6 ba ya kwanciya, zai bi ruwa ya fita, kuma yana ratsa ƙasa ya isa rijiya. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga ruwan sha miligiram 0.05 ne a lita. A gwada wannan da giram 250 da ke cikin kowace lita ta tanki. Mutanen Kano sun san kurom ta hanyar majemun zamani na Challawa, Sharaɗa da Bompai, amma wanda ake jima da shi kurom-3 ne. Shi ma ba abin zubawa a kogi ba ne, sai dai na tankin dalaye ya fi shi haɗari ƙwarai.

Wannan ne ya sa dokoki ke ta matse tsohon haɗin. A Tarayyar Turai, tun daga 21 ga Satumban 2017 ba a amfani da asid ɗin kurom sai da izini na musamman. Jihar Kalifoniya ta zartar a 2023 cewa masu kurom na ado su bar kurom-6 daga 2027, da damar ƙarin lokaci zuwa 2030 ga waɗanda suka cika wasu sharuɗɗa, masu kurom mai kauri na injuna kuma zuwa 2039. Madadin da ake komawa gare shi tankin kurom-3 ne, wanda ya shiga kasuwa tun tsakiyar shekarun 1970. Kurom ɗin da ke cikinsa ya fi kaɗan sosai, asid ɗinsa mai sauƙi ne, anod ɗinsa na girafait ne ko na taitaniyam, babu dalma. Yana shiga lungu fiye da tsohon, ba ya saurin ƙona gefe, kuma ɗaukewar wuta ba ta ɓata masa kaya, wanda ba ƙaramin abu ba ne. A ganina duk wanda zai kafa sabon layin kurom na ado a yau, da shi ya kamata ya fara.

Sai dai shi ma yana da nasa sharuɗɗan. Tsohon tanki yana haƙuri da giram-giram na narkakken ƙarfe, wannan kuwa miligiram kaɗan na jan ƙarfe, zink ko nikel sun isa su baƙanta kaya, don haka na'urar tace ƙarfe takan zama wani sashe na layin, ba abin da ake ɗaukowa sai an shiga matsala ba. Awonsa ya fi yawa, sinadaransa sun fi tsada, kuma yawanci daga kamfani guda ake sayensu. Launinsa yakan ɗan fi duhu, abin da ke damun masu gyaran tsofaffin motoci idan sabon yanki zai zauna kusa da tsoho. Sannan asid ɗin kurom-6 yana barin wata 'yar kariya a wuraren da dalaye bai kai ba, kamar cikin bututun ƙafar kujera. Kurom-3 ba ya barin wannan, saboda haka irin waɗannan kaya sai an ƙara tsoma su a ruwan kariya bayan sun fito, in ba haka ba cikinsu ya fara tsatsa tun suna ɗakin ajiya.